Finjalin Da Na Ɗauke a Riyad

Ejan ɗin da ya yi mini biza a Kano ya ce aikin otal zan yi a Riyad, har ya nuna mini hoton otal ɗin a wayarsa. Daga baya na yi ta tunanin hoton nan. Ina jin shi yake nuna wa kowa, da direba da makiyayi da mai shara, domin gini ne mai kyau ƙwarai da gaske.

Awa bakwai na yi zaune a kan jakata a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, ba wanda ya zo ɗaukata. Sunana Abubakar, a gida Tanko ake ce mini, kuma a ranar ina da shekara arba'in da tara, amma na yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kai makaranta yau. Wani Basudane mai goge tayil ya wuce ni sau uku, a na huɗu ya ajiye mini robar ruwa da dabino biyar a kan gwiwa, ya ci gaba da aikinsa. Har yau ban san sunansa ba, amma yana cikin addu'ata. Da la'asar sakaliya wata bas ta zo. Na tambayi direban, "Otal?" Ya dube ni ta madubi, ya yi dariya har da dukan sitiyari, sannan ya miƙo mini riga da wando masu ruwan goro, irin na masu sharar titi.

Wata huɗu na yi ina shara. Ban raina aikin ba, sai dai zafin garin nan ya wuce duk labarin da aka ba ni, kwalta har cin takalmi take yi. Ana nan sai kamfanin ya rasa kwangilarsa. Akawun kafilinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu, ya tara mu ya ce kowa yana da wata biyu: ko ka samo wanda zai karɓi igamarka, wato katin zaman nan mai ɗauke da sunan ubangidanka, ko a yanka maka tikitin komawa gida. Ni kuwa kafin in taho na sayar da teburin shayina da bencina biyu da tukunyar gas. In na koma ban san abin da zan koma wa ba, ga 'ya'yana mata uku suna makaranta.

Zangona na biyu unguwar Ulaisha ce, wani ɗaki a tsohon bene kusa da kasuwar Batha. Mu shida ne a ciki, huɗu 'yan Nijar, biyu 'yan Najeriya. Kewar gida ta fi kama ni ranar Juma'a, in aka buɗe ƙullin daddawar da wani ya zo da ita, ɗakin ya ɗauki ƙamshin miyar kuka. A irin ɗakin nan kowa yana ba da tarihinsa, tunda shi ne abin da ba a saye. Da aka zo kaina na ce ni mai shayi ne, kafin nan kuma na yi aikin otal. Rabin farko gaskiya ne.

Gaskiyar ita ce shekara goma sha ɗaya na yi ina zuba giya. Akwai wani kamfanin giya a unguwar masana'antu ta garinmu, an daɗe da rufe shi, kuma a cikin harabarsa akwai wani dogon ɗaki da ake kira Zauren Baƙi. Turawan da suka kafa kamfanin ne suka gina shi tun kafin a haife ni. Ba mashaya ba ce, ba a sayar da komai a ciki. Wurin karrama baƙin kamfani ne, manyan dillalai da hafsoshi da ma'aikatan jirgin ƙasa, da duk wanda aka zagaya da shi ya ga manyan tukwanen dafawa, to a nan ake ƙarewa da shi. Akwai doguwar kanta ta maɗaci, da famfuna uku na tagulla waɗanda bututunsu ya taho ta ƙarƙashin ƙasa daga ɗakin sanyi. A bango an jera hotunan shugabannin kamfanin, na farko-farko farare, daga tsakiya baƙaƙe.

Shugabanmu Mista Bulus ne, mutumin kudancin Zariya, gajere, kullum da farar safar hannu, wanda ya fara da wanke kofuna tun zamanin Turawan. Bai da yawan magana, amma dokokinsa sun shiga jikinmu fiye da karatun firamare. Kafin ka zuba, ka ɗaga kofi ka duba shi ga haske. Ka karkata shi, ka cika shi fal, kumfa yatsa biyu, domin a wurinsa kofin da bai cika ba zagin baƙo ne. Babbar dokar kuwa ita ce, kofin da kumfarsa ta kwanta ba ya zama a gaban baƙo. In mutum ya shagala da zance har abin shansa ya mutu, ka ɗauke a hankali ka ajiye sabo, ba tambaya. Ya taɓa dakatar da ni mako guda a kan kofi ɗaya tak da na bari.

Mutum zai ce me ya kai Bahaushe Musulmi wannan wuri. Na farko dai yunwa. Na biyu kuma, abin ba baƙo ba ne a gidanmu. Kakata Tabawa Bamagujiya ce, mahaifina ne ya musulunta, kuma na taso na ga tana jiƙa dawa ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa a manyan tukwane kwana uku in za a yi gayyar noma. Ƙwarya ɗaya ke zagaye manoman, daga babba zuwa ƙarami, amma kafin ta miƙa wa kowa ita take fara kurɓa a gabansu, su gani da idonsu ba mugunta a ciki.

Da aka rufe kamfanin, zauren ya zama wurin ajiyar shinkafa, 'yan gwangwan suka kwance famfunan, daga baya wani ya saye shi ya yi masa fenti ya mai da shi ɗakin biki. Na taɓa zuwa walimar wani abokina a can, na ga an jera robobin zoɓo da kunun aya a kan kantar nan ta maɗaci. Ni dai na tuba, na kama sana'ar shayi, na binne maganar. A Riyad kuwa, inda kwalba ɗaya za ta iya kai mutum kurkuku, ban ga dalilin tono ta ba.

Kafin wata biyun nan su cika sai na shiga dako a kasuwar Utaiƙa, ina ɗaukar kwalayen dabino, ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan hanya saboda askarawa masu kamen wanda ke aiki ba izini. Wata rana da hantsi mun taru mu bakwai a wurin mai shayi, mutumin ya rasa hannu, sai na kwashi kofunan na raba wa kowa nasa. Ban ma san na ɗaga kowanne na duba ga haske ba. Wani dattijo baƙi siriri mai farar jallabiya, da yake ta cinikin dabino a gefe, ya zuba mini ido.

"Kai, ɗan ina ne?" in ji shi da Hausa.

"Kano, Baba."

"Wa ya koya maka duba kohi ga haske?"

Na ce a otal na koya. Ya ce sunansa Illa, mutumin Maradi, shekara ashirin da shida yana zuba gahawa a gidan wani attajiri da ake kira Abu Nasir. Ya miƙo hannunsa na dama ya nuna mini, yana rawa kamar ganye. Yana son ya koma gida, amma maigidan ya ce sai ya kawo wanda zai gaje shi. Za a gwada ni wata guda, in na yi, a karɓi igamata.

"Amma ka jiya da kyau," in ji shi. "Mutumen kirki na, sai dai ba ya wasa da addini. Direba ya kora don ya iske kwalin sigari cikin mota. Sigari kaɗai hwa."

Na ce na ji. Na bi shi.

Gidan Abu Nasir yana arewacin gari, kuma majalisarsa doguwa ce, kujerun ƙasa sun zagaye bango, kullum bayan la'asar a cike take. Ranar da na fara leƙa ta, abin da ya zo mini a rai shi ne tsawonta ɗaya da Zauren Baƙi. Na yi istigifari, amma haka ne.

Baba Illa ya koya mini aikin daga tushe. Gahawarsu ba baƙa ba ce, sama-sama ake soya ta, ta fito ruwan ƙasa-ƙasa, a sa mata wani ƙamshi da suke kira hel. Butar mai dogon baki, dalla, a hannun hagu take zama, finjalai a hannun dama. Ba ka zama muddin akwai finjali a hannun baƙo. In ka miƙa sai ka ce "sam", wato bisimilla. In baƙo ya girgiza finjalinsa, ya ƙoshi ke nan. Ranar farko da ya ce in gwada a kansa, na cika masa finjali fal kamar yadda hannuna ya saba. Ya dube shi ya dube ni.

"Korata kake?"

"Wane ni, Baba."

"To nan in ka cika ma mutum, ka ce mishi sha ka tahi. Kashi ɗaya cikin ukku za ka zuba. Ya sha, ka ƙara, ya sha, ka ƙara. Kana ce mishi zauna, ba mu gaji da kai ba."

Abin ya ɗaure mini kai, ya kuma burge ni. Can cikawa ce girmamawa, nan ragewa ce, kuma kowanne in ka saurari dalilinsa sai ka ga yana da gaskiya. Da na ga Baba Illa yana zuba finjalin farko ya shanye da kansa kafin ya fita wurin baƙi, na tambaye shi dalili. Ya ce al'adar da ce, don baƙo ya san ba a sa masa komai ba. Saura kaɗan in ce kakata ma haka take yi. Na haɗiye maganar, kuma irin wannan haɗiya ta fi dakon dabino gajiyar da ni, domin kullum sai na ga abin da ya tuna mini da can, ba kuma wanda zan faɗa wa.

Mako uku na yi lafiya lau. Abu Nasir, dattijo mai farin gemu da ƙaramar murya, ya fara kirana Bakar, har wata rana ya ce wa wani baƙo hannuna yana da nutsuwa. Na fara lissafin abin da zan aika gida.

Ranar wata Laraba bayan la'asar, mutum kamar goma suna zaune, Baba Illa yana kicin yana suyar gahawa, sai wani dogon mutum ya yi sallama. Kamarsu ɗaya da maigidan, sai dai gemunsa bai gama fari ba. Majalisar ta yi tsit. Abu Nasir ya miƙe, suka yi musabaha a tsaitsaye, ya zaunar da shi a damansa. Na zuba wa baƙon kashi ɗaya cikin uku, na ce "sam". Ya karɓa, amma bai kai baki ba. Ya ajiye finjalin a kan darduma, gaban gwiwarsa, ya fara magana a hankali. Larabcina na kasuwa ne, abin da na tsinta kawai shi ne ruwan sama da mahaifi da gona.

Ni idona yana kan finjalin. Na ga tururin ya ragu, na ga ya ɗauke gaba ɗaya. Mutumin yana ta magana. Abu Nasir ya ɗaga hannu ya shafi gemunsa. Ban yi shawara da kaina ba ko kaɗan, sai na ga na sunkuya na ɗauke finjalin, na zuba mai zafi a wani, na miƙa masa.

Ya dubi hannuna, ya dubi Abu Nasir. Ya miƙe ya gyara mayafin kansa, ya yi sallama ya fita. Abu Nasir ya bi shi har ƙofa yana kiran sunansa, amma mota ta riga ta tashi.

A kicin Baba Illa ya zauna a kan buhun shinkafa ya riƙe kai. Mutumin nan Abu Turki ne, ƙanin maigida, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara bakwai ba sa magana a kan gonar dabinon mahaifinsu. A al'adarsu, in baƙo ya ajiye finjali a ƙasa bai sha ba, to da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai maigida ya ce masa sha gahawarka, ka samu abin da ka zo nema. Sulhu ya zo nema. Ɗauke finjalin nan kafin maigida ya yi magana, amsa ce, kuma amsar ita ce a'a.

"Laihina na," in ji Baba Illa. "Sau ukku na ga wanga abu cikin shekara ashirin da shidda, shi ya sa ban tuna in hwaɗa maka ba. Amma kai kuma mi ya kai hannunka? Wa ka taɓa gani ya ɗauke ma baƙo abin da bai sha ba?"

Na juya na hau wanke finjalai.

Abu Nasir bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Washegari da safe ya sa aka fito da mota, ya ce ni da Baba Illa mu shiga. Muka yi kudu, tafiyar fiye da awa guda, har muka isa gonar. Shi ne zangon da ban taɓa tsammanin zan yada ba. Dabinai ne jere iya ganinka, ruwa yana gudu a ƙananan magudanai, iskar wurin ma daban take da ta birni. Abu Turki ya karɓe mu a ƙarƙashin wata rumfa, fuskarsa a ɗaure. Yayan ya ce masa kuskuren sabon ma'aikaci ne wanda bai san al'ada ba. Baba Illa yana fassara mini ƙasa-ƙasa.

Abu Turki ya girgiza kai. Ya ce ya lura da ni tun shigarsa. Wanda ya san riƙon dalla haka, ya san awon finjali haka, ba jahilin aiki ba ne. Ya ce ya ga yayansa ya shafi gemu, nan take kuma na sunkuya, ba ɗar ba shakka, kamar wanda aka ba umarni.

A nan na gane in na ce otal, ko na ce rashin sani, ba zai yarda ba, kuma zai ƙara da cewa yayansa ne ya kitsa mini ƙaryar a mota. Na tuna direban sigari. Na tuna teburin shayin da na sayar. Duk da haka na ce, "Baba, ka faɗa masa gaskiya ya gani. Umarni aka ba ni. Sai dai wanda ya ba ni ba ya ƙasar nan, kuma shekara ashirin da wani abu ke nan da ya ba ni."

Ya fassara. Duk suka juyo.

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya na yi ina hidimar baƙi a zauren wani kamfanin giya."

Baba Illa ya tsaya. Ya yi mini wani kallo da ba zan manta ba. Sannan ya juya ya faɗa musu da Larabci, na kuma ji sarai ya ce "asir". Kamfanin lemo ya ce musu. Ya shimfiɗa mini hanyar tsira, abin da ya rage kawai in yi shiru. Wallahi na so in yi shirun. Amma ba wanda yake ɗauke lemo don kumfarsa ta kwanta, labarin ba zai tsaya da ƙafarsa ba, kuma ga shi na jawo dattijo yana ƙarya saboda ni.

"La," na ce. "Khamar." Wato a'a, giya.

Ba wanda ya yi motsi, sai ƙarar injin ban ruwa daga nesa. Abu Nasir ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na ci gaba, Baba Illa yana fassarawa da murya kamar ba tasa ba. Na ba su labarin Mista Bulus da farar safarsa, da dokar kofin da ya mutu, da makon da aka dakatar da ni.

Abin mamaki, sai Abu Turki ya gyara zama. Ashe mutum ne mai son jin labari. Ya tambaya ko sayarwa ake yi, na ce kyauta ce ga baƙi. Ya ce wato mutum ya bar abin shansa ya lalace, a zubar a kawo masa sabo, ba a ce masa komai? Na ce ba a cewa. Ya ce abin da ake zubawa haramun ne, amma wannan Bulus ɗin ya san karamci. Ya tambayi abin da ya kai ni can, na ba shi labarin kakata da gayya da ƙwaryar da take fara kurɓa. Ya ɗaga gira ya dubi yayansa, ya ce ashe har can ana shan na farko. Ya tambayi inda zauren yake yanzu, na ce ɗakin biki ne, zoɓo ake sha. Sai da Baba Illa ya sha fama kafin ya fahimtar da shi mene ne zoɓo.

Can sai ya fashe da dariya, irin wadda take zuwa da hawaye. Ya ce shekara bakwai yana haɗa kalmomin da zai faɗa wa ɗan'uwansa, ranar da ya zo faɗa kuma wani Bulus ya kore shi tun daga Najeriya. Ya tashi da kansa ya ɗauko dalla, ya zuba wa yayansa, ya sumbaci kansa. Mu muka koma gefe muka ba su wuri.

A hanyar dawowa mun yi nisa kafin Abu Nasir ya yi magana, bai kuma juyo ba.

"Bakar, ka sha?"

"Na sha, ɗal umrak," na ce, wato ranka ya daɗe. "Na bari tun kafin a rufe wurin."

Ya ce ya gode da na gyara abin da na ɓata, ya kuma gode da gaskiyar, domin ya ji abin da Illa ya fara faɗa. Ya ce tuba tsakanina da Allah ne, shi ba ya shakkar ta. Amma a majalisarsa limamai suke zama, kuma zuciyarsa ba ta kwanta da a ce hannun da ya yi shekara goma sha ɗaya yana zuba waccan shi ne zai riƙa miƙa musu ba. In ƙarasa watana, za a sallame ni da alheri. Illa ma ba zai ƙara riƙe shi ba, za a ɗauko mai zubawa daga kamfani.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, da na yi ƙarya da yanzu ina da aiki. Amma da na duba sai na ga ban isa in ce ya zalunce ni ba, gidansa ne. Kwana tara suka rage a wa'adin igamata.

Baba Illa ya yi kwana uku ba ya ce mini komai sai na aiki. A na huɗu muna wanke finjalai, bai dube ni ba ya ce, "Wata guda muna cin kwano ɗaya. Ka bari in ji gaban Larabawa, kuma da bakina." Na ce ya yafe mini. Ya ci gaba da wanki, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Ranar Alhamis aka yi masa taron sallama bayan la'asar. Majalisa ta cika, har da Abu Turki, wanda yana ganina ya ɗaga mini yatsa biyu yana murmushi, wai awon kumfa. Abu Nasir ya kama hannun Baba Illa ya zaunar da shi a damansa, wurin manyan baƙi, ya ce yau shi za a zuba wa. Dattijon ya zauna a ɗarare cikin sabuwar jallabiya, kamar wanda aka ɗora a kan doki karon farko. Na fara da shi. Na zuba kashi ɗaya cikin uku, na ce "sam".

Ya karɓa da hannun nan mai rawa. Ya dubi finjalin, sannan ya sunkuya ya ajiye shi a kan darduma.

Hira ta ɗauke. Abu Nasir ya ce, "Illa, me ke nan?"

Ya amsa da Larabci, a hankali, yadda har ni na gane kowace kalma. Ya ce shekara ashirin da shida yana tsaye a ɗakin nan, bai taɓa roƙon komai ba. Yau an zaunar da shi a matsayin baƙo, to baƙo yana da buƙata. Bai ambaci sunana ba, bai ko dubi inda nake ba. Ya ce shi dai ba zai so ya tafi ya bar dallarsa a hannun wanda bai sani ba, alhali ga wanda aka ba shi hanyar ƙarya ya ƙi bi.

Ina tsaye da dalla a hagu, finjalai a dama. Na ga tururin gahawarsa yana raguwa, na ga ya ɗauke. Yatsuna suka yi ta motsi su kaɗai, na matse su a jikin finjalan har suka yi ciwo. Abu Nasir ya ja carbinsa, ya dubi limamin unguwa da ke zaune a gefe, limamin ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙaninsa. Sannan ya daɗe yana kallon hannuna.

"Sha gahawarka, Illa," in ji shi. "Ka samu abin da ka zo nema."

Baba Illa ya ɗauki finjalin, rabi ya zube masa a sabuwar riga kafin ya kai baki, ya shanye sauran. Ni kuwa idona ya cika har ba na ganin bakin dallar sosai. Ya miƙo mini finjalin bai girgiza ba, ya ce da Hausa, yadda ni kaɗai zan ji:

"Ta yi sanyi, ɗan Kano. Ƙaro mai zahi."